Gyara kan sa agogo a tsofaffin motocin Amurka masu ƙaton inji

Assalamu alaikum Malam Edita. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili in tofa albarkacin bakina kan rubutun da ya fito a shafin motoci game da tsofaffin motocin Amurka masu silinda takwas, irin su Pontiac GTO da ta fara fitowa a 1964, da Chevelle SS, da Dodge Charger. Marubucin ya yi ƙoƙari, Allah ya saka masa da alheri. Amma shawarar da ya bayar cewa mai irin wannan mota ya sayo agogon awo uku na dashbod, na matsin baƙin mai da na zafi da na amfiya mai auna wutar caji, ya jona su duk inda ya samu wuta, ita ce ta hana ni yin shiru.

Ni mai wayarin mota ne. A Kano na koyi sana'ar a kan Peugeot 504, yanzu kuma ina aiki a wani gareji a jihar Michigan, inda da zarar bazara ta shigo masu waɗannan motoci ke fito da su daga ma'ajiya. Na yarda da marubucin cewa agogo yana da amfani. Da yawa daga cikinsu jan fitila kawai kamfani ya sa musu, ita kuwa fitilar mai ba ta kamawa sai matsin man ya kusa ƙarewa, lokacin ɓarna ta riga ta fara.

Agogon amfiya ne nake roƙon a bari. Ba ya iya auna komai sai duk wutar da ke tsakanin altaneta da batir ta ratsa ta cikinsa. Ke nan sai an ja kaurin waya daga wajen inji, ta huda bangon da ya raba inji da cikin mota ta shigo bayan dashbod, kusa da gwiwar direba, sannan ta koma. Motocin Chrysler na wancan zamani haka suka fito tun daga kamfani, amma an yi lissafin ne da ƙaramar altanetar lokacin, mai amfiya arba'in zuwa sittin. Yau mutum zai ɗaura mai amfiya 100, ya ƙara fankar lantarki da manyan lasifiku, wayar kuma tana nan yadda take shekara hamsin da suka wuce. An taɓa kawo mana wata Chevelle ta 1969 da wani ya sa wa irin wannan agogo, bai sa roba a ramin da wayar ta bi ba. Bakin ƙarfen ya yi ta cin rigar wayar har tagulla ta fito. Da na leƙa da tocila, kafet ɗin wajen ya yi baƙi, robar wayar ta narke ta manne da ta maƙwabtanta, ga warin ƙuna ya cika motar. Babu fis ko ɗaya a kan layin. Wallahi Allah ne kawai ya tsare mai motar da iyalinsa.

Agogon bolt, mai auna ƙarfin wutar batir, yana ba da labarin da ake nema da siririyar waya biyu. In inji na aiki allura ta tsaya wajen 14, caji lafiya lau. In ta sauko 12 ko ƙasa, altaneta ta daina aiki, sai a nemi gefen hanya.

Sai agogon juyin inji, wanda samari suka fi so saboda ado, alhali shi ne ke gaya wa direba lokacin sauya giya. Yawancinsu waya huɗu gare su: ja ta wuta, baƙa ta bodi, fara ta fitila, koriya kuma ita ce ke ɗauko bugun. A motar da har yanzu take da kwantak, koriyar tana zuwa ɓangaren kwail mai alamar ragi, kamar dai yadda muke yi wa 504. In an sauya distiribito zuwa HEI na kamfanin GM, wato distiribito marar kwantak wanda ya zama ruwan dare daga 1975, akwai ƙafa a jikin hularsa da aka rubuta TACH, can za a sa ta. In kuwa akwai akwatin ƙarin wuta irin na MSD, kada a kusanci kwail ko kaɗan. Akwatin yana da nasa wurin jona agogo, kuma wutar da yake aika wa kwail tana iya kashe agogon. Akwai kuma ɗan makunni a bayan agogon mai lamba 4 da 6 da 8, wanda ake yawan mantawa da shi. Inji mai silinda takwas yana tartsatsi huɗu a kowane juyi. In aka bar makunnin a kan 6, inji na juyi 3,000 a minti allura za ta nuna 4,000, mai mota ya yi ta zargin kafireto da giya a banza.

Maganar jona wuta duk inda aka samu ma kuskure ce. Kada a ɗauko ta daga ɓangaren kwail mai alamar tarawa, domin a motoci masu kwantak an rage ƙarfin wutar wurin da gangan, ba ta kai bolt 12 ba in inji na tafiya. A ɗauko daga akwatin fis, layin da ke kamawa in an murɗa makulli, a sa masa ƙaramin fis nasa. Baƙar waya kuma a kankare fenti a ɗaure ta da ƙarfe tsirara, ko ma a kai ta jikin inji. Mafi yawan allurar da ke rawa, rashin kama bodi ne ciwonta.

Agogon baƙin mai mai bututu yana shigo da mai mai zafi har cikin mota. Siririn bututun roba da ke zuwa a kwali ba na yarda da shi. A sa na tagulla, ko a sayi agogon lantarki mai sensa. Ita sensar ta zama wadda ta zo tare da agogon, kuma kada a naɗe zarenta da farin tef, don ta nan take kama bodi.

Ina roƙon a buga wannan gyara a shafin da rubutun ya fito, saboda na san akwai 'yan uwana masu wayarin a gida da ke karanta shi, kuma aikin ɗaya ne ko a tsohuwar 504 aka ce su sa agogo. Na gode, Allah ya ƙara wa jaridarmu ɗaukaka.

Naku,
Mai wayarin mota, daga Michigan, Amurka