Wasiƙa zuwa ga ɗana kan babur ɗin da yake shirin saye

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya kai da iyalinka, kuma aiki yana tafiya yadda ake so. Mu nan gida sai godiyar Allah. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ko da yake tun ranar da maganar nan ta shiga kunnenta ba ta samun barcin kirki.

Ƙanwarka ce ta faɗa mini, kuma kada ka ga laifinta, domin ni na tsare ta da tambaya. Ta ce ciniki ya yi nisa tsakaninka da wani mai babur na hannu, BMW R 1250 GS Adventure, da niyyar ka hau shi daga Abuja zuwa Gembu idan ka sami hutu, daga baya kuma ka zaga ƙasashen yamma har Sanagal. Kai magidanci ne yanzu, kuɗin guminka ne, kuma tun kana ƙarami na san ba ka da zama wuri ɗaya, saboda haka ba zan ce kada ka tafi ba. Maganata a kan abin da ka zaɓa ka hau ce.

Na sa an duba mini bayanin babur ɗin nan. Idan tankinsa mai cin lita 30 ya cika, nauyinsa kilo 268 ne, tun ba ka ɗora masa akwatunan gefe da tanti da ruwa da kayan gyara ba. Da kaya zai haura kilo 300, wato buhun masara uku ke nan. Tsayin sirdinsa kuwa santimita 89 ne a mafi ƙasƙancin saitinsa, kai kuma tsayina ka ɗauko, kan yatsunka kawai zai taɓa ƙasa. A kan kwalta duk wannan ba matsala ba ne, domin da zarar babur ya ɗauki gudu nauyinsa ɓacewa yake yi, shi ya sa duk wanda ya ɗana shi a titin Abuja yake dawowa yana yabo. Amma kai ba titin Abuja za ka ba. Idan ka wuce Bali da Serti ka hau dutsen Mambila, ka bar babbar hanya ka nufi ƙauyuka, jar ƙasa ce wadda ruwa kaɗan yake mayar da ita santsi, ga gangara, ga kwazazzabai. A irin wannan hanya kowa yana faɗuwa, gwani da ɗan koyo, kuma galibi a tafiyar hawainiya ake faɗuwa, lokacin da tayar gaba ta zame mutum ya kai ƙafa bai sami ƙasa ba.

Ka san shekarun da na yi ina aikin malamin gona, ina shiga ƙauyuka a kan ɗan ƙaramin babur ɗin da ma'aikata ta ba mu. Akwai wata rana da yashin wani busasshen rafi ya kama mini tayar gaba, babur ya kwanta a kan ƙafata ta dama, salansa mai zafi ta manne a ƙwaurina, fetur yana ɗiga daga murfin tanki yana jiƙa mini wando. Babu kowa a wurin sai kukan kurciya. Na sa ɗaya ƙafar na tokare sirdi na ture shi, na tashi, na ɗaga shi na ci gaba da tafiya, tabon kuma ka sha ganinsa. Na iya ture shi ne domin bai fi nauyin mutum biyu marasa jiki ba. Abin da yake hana ni sukuni ke nan dare da rana: ina ganinka kwance a wata gangara bayan la'asar, kilo 300 a kan ƙafarka, wayarka ba ta da sabis, hazo yana saukowa, ba ka iya janye ƙafar ba balle ka ɗaga babur ɗin. Duk sauran abubuwan da ake tsoro a hanya na bar wa Allah, amma wannan da hannunka za ka saya, da kuɗinka.

Na san za ka ce tun abin da ya sami kawunka nake ƙin babur, kuma har yau ba ka manta da yadda na hana ka makulli kana sakandare ba. Na hana ka, kuma da za a sake maimaita lokacin da haka zan yi, domin ga shi kana raye da ƙafafunka biyu har kana da 'ya'ya. Abin da ya ɓata mini rai shi ne ka kai ga maganar biyan kuɗi ba ka neme ni ba, ni da na ci ƙurar hanyar burji tun ba a haife ka ba, ka tsaya kana sauraren abokai masu auna babur da girman injinsa da yawan idon da zai jawo a bakin gidan mai. Idan don a gan ka ne, faɗa mini gaskiya mu san abin da muke magana a kai. Mai 'ya'ya ƙanana ba ya sayen abin da ya fi ƙarfinsa don a tafa masa.

Ba ina kushe babur ɗin ba ne, an yi shi da kyau, amma ka yi tunanin ranar da zai tsaya maka. Ba sarƙa ce take juya tayarsa ta baya ba, sandar ƙarfe ce a rufe, kuma yawancin matsalolin lantarkinsa sai an jona shi da kwamfuta ake gane su. Bakaniken ƙauye da yake kwance injin Boxer ya ɗaure kafin azahar zai tsaya ne kawai yana kallonsa. Ga kuma man 'yan bumburutu na cikin kwalba, wanda dole wata rana ka saya, da dattinsa da ruwansa.

Akwai waɗanda suka fi dacewa da kai. Honda CRF300 Rally kilo 153 ne da mai a ciki, tankinsa ya kusa lita 13 kuma ba ya shan mai, sai dai a doguwar kwalta za ka yi haƙuri da shi. Royal Enfield Himalayan mai inji 411 ya kusa kilo 200, amma sirdinsa santimita 80 ne, tafin ƙafarka zai zauna a ƙasa sosai, injinsa kuma mai sauƙin sha'ani ne. Idan ƙarfi kake so, Yamaha Ténéré 700 kaɗan ya haura kilo 200, sai dai dogo ne, sai ka hau ka gani kafin ka yanke shawara. Dukansu ukun tayar gabansu inci 21 ce, wadda take haye rami da dutse fiye da ƙaramar taya, dukansu kuma da sarƙa suke tafiya. Kada ka raina matsakaicin inji. Kunle Adeyanju da ya taso daga Landan ya iso Legas a 2022, a kan Honda CB500X ya yi tafiyar, injin da bai kai rabin na wanda kake ciniki ba.

Abu ɗaya nake roƙonka, kuma ina so ka ɗauke shi a matsayin umarnin uba. Duk wanda ka zaɓa, kafin ka biya, ka ɗaure masa kaya kwatankwacin waɗanda za ka tafi da su, ka shimfiɗa tsohuwar katifa ka kwantar da shi a kai, sannan ka ɗaga shi kai kaɗai, ka sake kwantarwa ka sake ɗagawa bayan ka gaji. Idan sai an kama maka, ba naka ba ne. Rarar kuɗin da za ka samu ka sa ta a hular kwano ta gaske, da takalmi mai tauri da ya rufe ƙwauri, da tayoyi masu manyan haƙora. Ka bari ruwa ya ɗauke kafin ka nufi Mambila, ka tafi da abokin tafiya, kuma magariba ta same ka a cikin gari.

Idan na yi zafi a wasiƙar nan ka yi haƙuri, ka san daga inda ya fito. Ka zo gida ƙarshen watan nan tun ba ka ba da kuɗi ba, mu zauna mu duba taswirar hanyar tare, mahaifiyarka kuma ta ji daga bakinka. Ka gaishe mini da maiɗakinka da yaran. Allah ya yi maka albarka, ya tsare gabanka da bayanka.

Wassalam,
Mahaifinka.