Ɗana, ka rage murna da wannan yabon

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, mahaifiyarka ta karanta min saƙonka, har wurin da kake murna wai shugabanka ya ce kai "gung-ho" ne a gaban abokan aiki. To, ka ɗan tsagaita da murnar tukuna.

Kalmar nan asalinta ba ta Turawa ba ce. Daga ƙasar Sin ta fito, gajeren suna ne na ƙungiyoyin gama kai na masu ƙananan masana'antu da aka kafa a 1938, ana tsaka da yaƙi da Japan. Wani hafsan sojan ruwan Amurka mai suna Evans Carlson, wanda ya zauna a can, ya ɗauka tana nufin a haɗa hannu a yi aiki tare, sai ya mayar da ita taken bataliyarsa a 1942. Daga bakin sojoji ta shiga gari. Maganar haɗa hannu ta zube a hanya, zumuɗin kawai ya rage.

Yau Ba'amurke zai iya faɗa maka ita da zuciya ɗaya, yana yabon ƙwazonka. Amma a bakin mutanen Ingila sau da yawa akwai habaici a ciki: mai rawar kai, wanda ke afka wa abu bai duba gaba ba. Shi ya sa za ka ga jaridunsu suna liƙa ta ga 'yan siyasa masu ɗokin yaƙi. Kai kuma ka ce min shugaban naka a Landan ya yi karatu, kuma da ya faɗa sai da wasu suka yi murmushi. Murmushin nan ne ya tsaya min a rai.

Na san halinka. Tun kana ƙarami ba a gama ba ka aike ka ruga, sai ka kai bakin kasuwa ka dawo kana haki, kana tambayar me aka ce a sayo. Himma abu ne mai kyau, kuma ba na so ka rasa ta, na ga malalata da yawa a zamanina na aiki. Sai dai in an kawo aiki a taro, kafin ka ce "ni zan yi", ka tambayi yaushe ake so, wa ya taɓa yin irinsa, kuma na hannunka ya ƙare? Ka bar waɗanda ka tarar a wurin su kai aya kafin ka sa baki. Garaje ba ƙarfi ba ne.

Kada kuma ka rubuta kalmar a takardar neman aiki kana siffanta kanka da ita. Ka samu shugaban naka shi kaɗai, cikin ladabi, ka tambaye shi inda yake ganin kana zaƙewa. In yabo ya yi niyya, zai faɗa maka.

Mahaifiyarka da ƙannenka suna gaishe ka. Ta ce in tuna maka batun zuwa gida da Sallah. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka