A zana alaƙar bayanai a takarda kafin a rubuta manhaja

Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin matasanmu masu rubuta manhaja, musamman a nan Zariya, inda makarantun kuɗi da Islamiyyu daga Samaru har Tudun Wada ke komawa ajiye bayanan ɗalibai a kwamfuta. Sau da yawa manhajar da ta rikice bayan zango biyu ko uku, tun a tushe aka ɓata ta, domin an gina rumbun bayanan ba tare da an zana yadda bayanan ke haɗuwa ba.

Dabarar ta daɗe. Peter Chen ne ya fito da ita a 1976, shekara shida bayan Edgar Codd na kamfanin IBM ya kawo tsarin ajiye bayanai cikin jadawali masu alaƙa da juna. A zanen Chen, akwati na nuna abin da ake ajiye bayaninsa, kamar ɗalibi ko aji; zagaye mai siffar ƙwai na nuna bayanin, kamar suna; murabba'in da aka tsayar bisa kusurwarsa kuma shi ne alaƙa. Zanen kansa ba shi da wuya. Aikin yana wajen tambayar da ake yi wa kowace alaƙa ta fuska biyu: wannan guda ɗaya, nawa zai iya haɗuwa da su a can?

Ɗauki ɗalibi da aji. Da yawa sukan saka aji a matsayin gurbi cikin jadawalin ɗalibi. Ranar da yaro ya tashi daga aji ɗaya zuwa aji biyu sai a goge tsohon a rubuta sabo, shi ke nan sakamakon bara ya rasa ajin da aka yi shi. Gyaran shi ne a buɗe jadawalin rajista a tsakani, mai ɗauke da lambar ɗalibi, lambar aji da shekarar karatu, a kuma hana ɗalibi ɗaya fitowa sau biyu a shekara guda.

Haka batun waliyyi. Magidanci ɗaya na iya samun 'ya'ya da dama a makaranta, yaro ɗaya kuma mahaifinsa na Kano, kawunsa ne ke riƙonsa a Sabon Gari. Yawa ne ta kowane ɓangare, don haka nan ma sai da jadawali na uku, a rubuta dangantakar a ciki.

Inda aka fi yin ɓarna shi ne kuɗin makaranta. Iyaye kashi-kashi suke biya, amma sai ka ga an tanadi gurbin "biya na farko" da "biya na biyu" kawai. Uban da ya biya sau uku fa? Kowane biya ya zama layi mai zaman kansa, da ranarsa, da adadinsa, da lambar rasidi, da lambar bashin zangon da yake ragewa. Ragowar kuɗi kuwa kada a ajiye ta, a bar kwamfuta ta lissafo duk lokacin da aka nema, in ba haka ba wata rana rasidi da ragowa za su saɓa. Gurbin kuɗin ya zama DECIMAL, wato nau'in gurbin da ke riƙe adadi daidai, domin FLOAT, mai riƙe adadi bisa kusantawa, yakan kawo 'yar tawaya a lissafin kwabo.

Suna ba ya zama mabuɗi, wato gurbin da ke bambance kowane mutum da sauran a jadawali, ko don yawan Muhammad Sani a aji guda. Lambar waya ma haka, tunda gida ɗaya kan yi tarayya a kanta, ana kuma canza ta. A bar rumbun ya ba kowa lambarsa. Ita lambar wayar a ajiye ta a matsayin rubutu, don in aka ɗauke ta lamba ce ta lissafi, sifilin farko zai faɗi, 11 su koma 10.

Kafin a buɗe manhajar rumbun bayanai irin MySQL ko Access, a kai takardar gaban hedimasta da ma'aji, a karanta musu kowane layi da baki: "ɗalibi ɗaya, waliyyi ɗaya ko fiye." Duk inda suka ce ba haka abin yake ba, a gyara da fensir.

Wassalam.

Naku,
Wani malamin kwamfuta,
Samaru, Zariya.