Wasiƙa Zuwa Ga Ɗana Kan Ruwan Ƙwaƙwalwa Da Komawa Waƙa

Assalamu alaikum, ɗana.

Bayan gaisuwa da fatan jiki yana ƙara sauƙi tun bayan aikin da aka yi maka a kai saboda taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. Yayarka ta ce har ka fara maganar karɓar wasan biki. Ba zan ce ka bar sana'arka ba, amma ka karanta wannan kafin ka ba kowa alkawari.

Kowane mutum yana da ruwa a ƙwaƙwalwarsa. A cikin wasu kogunna huɗu da ke tsakiyarta ake yin sa, kimanin rabin lita kullum, alhali abin da ƙoƙon kai da lakar gadon baya ke riƙewa a lokaci guda bai wuce mililita 150 ba. Kenan dole ya yi ta gudu yana komawa cikin jini, yana sabuntuwa sau uku ko huɗu a yini. Sanƙarau ɗin da ka yi ya bar tabo a wurin da ake tsotse shi. Ƙwaƙwalwa ba ta daina yin ruwan ba, hanyar fita ta ƙuntata, ƙoƙon kan babba kuma ba ya buɗewa kamar na jariri, sai ruwan ya taru yana matse ƙwaƙwalwa. Ga asalin ciwon kan safe da aman da gani biyu-biyu. Ba jifa ba ne, ba sammun abokan sana'a ba ne, kada ka bari a ɓata maka lokaci da wannan zancen.

Na ji abokanka suna kawo maka labarin Billy Joel, mawaƙin Amurka da ya soke wasanninsa a watan Mayun 2025 saboda taruwar ruwa a ƙwaƙwalwa. Nasa wani nau'in ne daban, wanda ya fi kama waɗanda suka haura shekara 60, yana zuwa sannu a hankali da jan ƙafa da mantuwa da kasa riƙe fitsari. Naka yana iya juyewa cikin sa'o'i, don haka kada ka auna kanka da shi.

Robar da aka sa maka, wadda likitoci ke kira shant, kashi uku ce. Akwai siririn tiyo da ya shiga kogon ƙwaƙwalwa, sai bawul ɗin da kake ji kamar ƙululu a bayan kunne, sai dogon tiyon da ya bi ƙarƙashin fatar wuya da ƙirji ya sauka cikin ciki, inda jiki ke shanye ruwan. Ba ta warkar da tabon, hanya kawai ta sauya wa ruwan. Yawanci zama da ita ake yi har abada, kuma tana iya toshewa ko bayan shekara goma. Kada ka riƙa danna bawul ɗin don gwaji.

In ta toshe, ciwon kai zai dawo, ya fi tsanani da asuba ko in ka kwanta, da amai, da dushewar gani, da barci mai nauyi. Barcin nan shi ne ya fi ba ni tsoro, domin wanda ya kama bai san ya kama shi ba. Mawaƙi kuma kowa ya saba ganinsa yana ramuwar barci bayan kwanan wasa, sai a ce a ƙyale shi ya huta. Saboda haka ka zaunar da matarka da mai kiɗanka da duk wanda kuke tafiya tare, ka gaya musu ƙarara: in aka tashe ka ka kasa farkawa sosai, ko maganarka ta rikice, ko ka yi jijjiga, a ɗauke ka nan take zuwa asibitin da ke da likitan tiyatar ƙwaƙwalwa, ko da ƙarfe biyun dare ne. Kemis ba shi da abin yi a nan. In kana Kano akwai asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, Zariya akwai Shika, Sakkwato akwai na Usmanu Ɗanfodiyo. Kafin ka amsa gayyatar kowane gari, ka san nisansa da irin waɗannan.

Akwai kuma akasin haka, wato robar ta zubar da ruwa fiye da kima. Alamarsa ciwon kai da ke tasowa in ka miƙe tsaye, ya lafa in ka kwanta. Tsayuwar awa uku a dandali cikin zafi da gumi tana ƙara shi. Ka riƙa shan ruwa tsakanin waƙoƙi, ka sa a ajiye maka kujera. In ya ci gaba ka faɗa wa likita, don yawan zubar yana iya jan ƙwaƙwalwa har ƙananan jijiyoyin samanta su tsinke jini ya taru. Batun azumi ma ka tambaye shi tun kafin wata ya kama.

Matsala ta uku ita ce ƙwayoyin cuta, kuma a watannin farko bayan aiki suka fi shiga. Zazzaɓi, ja ko kumburi a kan layin tiyon, ruwa daga ɗinki, ciwon ciki, sanƙarewar wuya. Kada ka yanke wa kanka hukuncin cewa maleriya ce.

Yanzu abin da ya shafi aikinka kai tsaye. Ka tambayi likitanka wane irin bawul ne a kanka. Akwai mai ma'auni ɗaya da ba ya canzawa, irin Chhabra na Indiya da ake yawan sawa a ƙasashenmu, akwai wanda ake saitawa daga waje da maganaɗisu. In na biyun ne, maganaɗisun da ke cikin lasifika da babban abin sauraron da kuke rufe kunne da shi a situdiyo yana iya sauya saitin wasu daga cikinsu. Ka bar tazarar aƙalla santimita 5 tsakaninsu da bawul, kada ka jingina kai da sifika, kuma duk lokacin da aka yi maka hoton MRI a sake duba saitin a ranar. Jan murya da ƙarfi da busa algaita ko kakaki suna ɗaga matsin cikin kai na ɗan lokaci, don haka ka fara da gajeren atisaye a zaune, minti 20, ka ga yadda kai zai amsa. Ɗaukar sifika da janareta ka bar wa yara har sati shida su cika bayan aiki kuma likita ya sallame ka. Tuƙi ma sai da izininsa. Babur kuwa, babu hular kwano babu hawa.

Taurin bayan gida yana ƙara matsi a ciki har ruwan ya kasa sauka, ka yawaita zogale da gwanda da ruwa. Kodin yana kawo wannan taurin, yana kuma sa barcin da zai ɓoye alamar toshewa. Tramol yana iya jawo jijjiga. Ko wa ya miƙo maka su don ka jure dare, ka ƙi. Asfirin ma sai an rubuta maka.

Ka rubuta sunan bawul da saitinsa da ranar aiki da lambar asibiti a kati ka sa a aljihu, ka ajiye hoton kan da aka yi maka bayan aiki a wayarka da ta matarka, domin da shi za a gwada sabon hoto a gane ko kogunnan sun sake kumbura da ruwa. Ka kuma riƙa zuwa awon ido, saboda matsi yana cin jijiyar gani a ɓoye, abin da ya tafi kuma ba ya dawowa.

Ka sanar da ni ranar da aka ba ka ta komawa asibiti. Ka gaida mai ɗakinka da yara. Allah Ya ƙara lafiya, Ya yi maka albarka.

Wassalam,
Mahaifiyarka.