Wasiƙa daga Abijan zuwa ga ƙanwata a Tahoua, a kan kwamfutar da gilashinta ya fashe

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga ƙanwata, bayan gaisuwa mai yawa da fatan kina lafiya, ke da Inna da dukan mutanen gida. Ni ma a nan Abijan lafiya lau nake, alhamdu lillahi.

Na saurari saƙon muryar da kika turo mini a kan kwamfutar da yaro ya taka gilashinta ya fashe, har sau uku, kuma yadda na ji muryarki tana rawa ya hana ni barci a daren nan. Na zaɓi in rubuto miki maimakon in kira, domin ki ajiye wannan rubutu kusa da kwamfutar ki riƙa bin sa daki-daki, ki kuma nuna wa mai gyara idan ta kai ga haka. Ki kwantar da hankalinki, kundin digirinki bai ɓata ba. Kin ce idan kika kunna ta fitila tana kamawa, fanka tana juyawa, har kina jin ƙarar da take yi idan ta tashi, sai dai gilashin ya tsage kuma wani baƙi kamar tawada ya malale a cikinsa. Wannan shaida ce cewa cikinta yana aiki. Gilashin nan kamar murfin rumbu yake, fashewarsa ba ta taɓa hatsin da ke ciki ba, domin duk abin da kika rubuta yana kwance a kan diski, a ƙasan maɓallan rubutu, nesa da inda abin ya faru.

Kafin komai, ina roƙonki kada ki sayar da ita ga mutumin da ya taya ta jika 10 don ya cire kayan ciki, kuma kada ki yarda kowa ya ce zai sake zuba mata Windows ko ya yi mata fomate. A shekarata ta farko a nan, kafin in koyi aikin gyaran kwamfuta a unguwar Ajame, na kai wa wani mai gyara tsohuwar kwamfuta saboda ƙaramar matsala, na tafi sallah na dawo na tarar ya goge komai, yana ta murna wai ta ƙara sauri. Hotunan da na rasa a ranar har yau ina tuna su da baƙin ciki, kuma ba na so ki ɗanɗana irin wannan ana saura ƴan makonni ki kare kundinki a jami'a.

Hanya ta farko, wadda nake kyautata zaton ita za ta wadatar, ita ce ki aro mata wata fuska. Na san wannan kwamfuta ciki da waje tun da ni na yi aiki da ita kafin in bar miki. A gefenta akwai mashiga iri biyu. Ɗaya siririya ce mai faɗi, ita ake kira HDMI, tana ɗaukar hoto da sauti gaba ɗaya. Ɗayar mai ramuka 15 a jere uku ita ce VGA, hoto kaɗai take ɗauka. Telen gidan Kawu tana da HDMI a baya, saboda haka ki nemi igiyarta ki je can a lokacin da akwai wuta, ki haɗa caja tun da batirin ya tsufa. Ki haɗa igiyar tun kwamfutar tana kashe, ki kunna tele, ki zaɓi HDMI 1 ko HDMI 2 da telekomand gwargwadon ramin da kika soka, sannan ki kunna kwamfutar ki ba ta minti biyu ko uku. Sau da yawa hoton yakan fito da kansa.

Idan bai fito ba, za ki yi aiki a makance na ɗan lokaci, kuma a nan ake bukatar natsuwa. Ki danna dogon maɓallin ƙasa sau ɗaya don a buɗe wurin kalmar sirri, ki ɗan jira, ki rubuta ta a hankali, ki danna Entrée. Ki tuna cewa harufan da aka zana a jikin maɓallan na tsarin Amurka ne, amma ni na saita ta a tsarin Faransanci, inda A da Q suka yi musayar wuri, haka ma Z da W, kuma lambobin jerin sama ba sa fitowa sai an riƙe maɓallin manyan harufa. Hannunki ya saba da wannan, amma idan ido ba ya ganin abin da ake rubutawa mutum yakan koma bin abin da aka zana. Bayan kin shiga, ki riƙe maɓallin da ke da alamar Windows ki danna P, ki saki, ki danna kibiyar ƙasa sau ɗaya, sannan Entrée. Zaɓi huɗu ne a wurin, don haka idan ba ki ga komai ba ki maimaita har ki zagaya su. Na'urar haska hoto a bango ta ajinku ma za ta yi wannan aiki idan zuwa gidan Kawu ya yi wuya.

Da zarar hoto ya fito, kada ki tsaya kallon komai. Ki soka kile USB ki fara kwafe kundin, ki tura wa kanki shi ta imel, ki kuma saka shi a waya, ya zama yana wuri uku kafin ki taɓa wani abu. Daga nan ki kwashe duk abin da ke cikin Documents da Bureau da Images da Téléchargements. Wannan na ƙarshe mutane suke mantawa, alhali a cikinsa ne gyare-gyaren da malaminki ya turo suke sauka. A cikin Images akwai hotunan marigayi Baba, Allah ya jiƙansa, waɗanda na ɗauka a Babbar Sallar da muka yi tare ta ƙarshe, da hoton takardun gida da na gona. Ba su da kwafi a wurina, kuma ba na ɓoye miki cewa su ne suka fi tsaya mini a rai.

Batun imel ya kasu biyu, kuma naki shi ne mai sauƙi. Saƙonnin Gmail ba a cikin kwamfutarki suke zaune ba, suna ajiye a na'urorin kamfanin Google, kwamfutar leƙa su kawai take yi ta intanet. Ko da ta ƙone ƙurmus, za ki buɗe akwatinki daga waya ki tarar da duk abin da kuka yi musaya da malaminki. Abin da ake bukata shi ne kalmar sirri da lambar wayar da kika yi rajista da ita, domin can ake turo lambar tabbatarwa. Kin ce kin manta kalmar saboda Chrome, manhajar da kike shiga intanet da ita, ne yake riƙe miki ita. To, idan hoto ya fito a tele, ki shiga saitin Chrome wurin kalmomin sirri, zai tambaye ki kalmar sirrin buɗe kwamfutar sannan ya nuna miki, sai ki rubuta a takarda ki ɓoye. Ki duba kuma ko tsohuwar lambarki ce a jikin akwatin Gmail, idan ita ce ki sauya ta da wadda kike riƙe da ita yanzu. Google yana ba kowa giga 15 kyauta, wanda ya ishi kundinki da hotuna masu yawa, amma a ƙa'idarsa yana iya goge akwatin da aka yi shekara 2 ba a buɗe ba.

Nawa imel ɗin shi ne mai wuya. Lokacin da nake aiki a Yamai na saita Outlook, manhajar karanta imel, ta yadda yake sauko da saƙonni cikin kwamfutar ya goge su daga akwatin da ke intanet, kuma an daɗe da rufe wannan akwati. Saboda haka takardun shaidar aikina da wasiƙun waɗannan shekaru suna cikin fayil guda ɗaya tak, wanda sunansa ya ƙare da .pst, a cikin Documents, a wurin da aka rubuta Fichiers Outlook. Kada ki yi ƙoƙarin buɗe shi, ki kwafe shi yadda yake, ko da ya ɗauki lokaci saboda girmansa.

Idan tele ta ƙi duk da haka, sai a koma hanya ta biyu, wato a ciro diskin. Wannan aikin mai gyara ne, amma ki je da ƙaninmu ku zauna a gabansa har ya gama, domin akwai hotunan matan gida da na katin ɗan ƙasa a ciki, kuma ba kowane hannu ake bar wa irin wannan ba. Zai cire caja da batir, ya kwance murfin ƙasa, ya zaro diski irin SATA mai inci 2.5, ya saka shi a ƙaramin akwati mai igiyar USB, sai ya zama kamar babban kile da za a soka a wata kwamfuta. Kayanki suna cikin Utilisateurs, ƙarƙashin sunanki. Idan aka rubuto cewa ba ki da izinin shiga, a danna Continuer, wannan ba komai. Amma idan aka rubuto cewa sai an yi wa diskin fomate, a danna Annuler a zare shi, ki kira ni nan take. Haka nan idan kika ji yana ƙas-ƙas a kai a kai, a kashe shi, domin irin wannan diski faifai ne yake juyawa a ciki da allura a kansa, kuma tilasta masa yana ƙara ɓarna. Kalmomin sirrin Chrome ba sa buɗuwa a wata kwamfuta ta wannan hanya, shi ya sa na matsa ki fara da tele. Ƙawayenki masu sababbin kwamfutoci kuwa su sani cewa da yawa suna zuwa da kulle mai suna BitLocker, wanda idan aka ciro diskin sai an kawo lambobi 48 da galibi ke ajiye a asusun Microsoft na mai ita. Taki ba ta da wannan kulle.

Sauya gilashin shi ne na ƙarshe, kuma ba gaggawa. Mai inci 15.6 ne, kuma akwai lamba manne a bayansa. Idan mai gyara ya buɗe, ki ɗauki hotonta ki turo, zan nemo daidai da shi a nan in ba wani ɗan gari mai dawowa gida ya riƙo miki. Na turo jika 20 ta hannun Kawu don igiya da kile da akwatin diski idan an bukace shi.

Yaron da ya taka ta kuma a yi masa haƙuri, ki faɗa wa Inna na ce kada a dake shi, bai san abin da ke ƙarƙashin zanen ba. Ki gaishe mini da Inna da kyau ki ce ina neman addu'arta, ki gaida Kawu da iyalinsa, da maƙwabta baki ɗaya. Ranar da za ki je gidan Kawu ki sanar da ni tun da safe, zan bar wayata a buɗe kusa da ni a shago.

Wassalam,
Yayanki, daga Abijan.