Zuwa ga abokan cinikinmu: maganar baƙar giyar hunturu

Iyayenmu da 'yan'uwanmu masu mashaya da otal-otal a Jos, Bukuru da Barikin Ladi, barkanmu da shigowar sanyi.

Tun farkon Nuwamba wayarmu ba ta huta ba, kuma tambayar ɗaya ce: yaushe baƙar giyar nan ta hunturu za ta iso? Tana hanya. Motar za ta taso daga Legas ta biyo Lokoja da Akwanga. Amma akwai maganar da gara mu yi ta yanzu, kada a zo ana yin ta a bakin mota da ɗaga murya.

Kayan ba su da yawa. Ƙaramin kamfanin da ke yin ta sau ɗaya yake dafawa a shekara, in ta ƙare sai baɗi. Bara mun ce wanda ya riga shi zai samu, sai mutum uku suka kwashe komai, sauranku kuka yi fushi da mu har Ista. Laifinmu ne. Bana kwali biyu ne kowane shago, Oga mai babban otal da Mama mai benci uku duk ɗaya. Babu bashi a kanta, domin mu ma kuɗi hannu muka biya.

Mun san za a ce ta yi tsada, ga Guinness nan a ƙasa da haka. Gaskiya ne. Guinness tun 1962 take da masana'anta a Ikeja, kuma tun da gwamnati ta hana shigo da tsiron sha'ir a 1988 manyan kamfanoni suka koma ga dawa da masarar gida, suna saye tirela-tirela. Yaran ƙaramin kamfanin nan kuwa buhu-buhu suke saye, su gasa hatsin har ya yi baƙi, daga nan launin da ɗacin suke fitowa, sannan su ƙara kofi. Wanda ya zo neman abin da ya saba, ku ba shi abin da ya saba. Wannan ta mai son ɗanɗana sabon abu ce, kwalba ɗaya ta ishe shi hira.

Abin da ya fi damun mu shi ne ajiya. Ba a gasa ta da zafi bayan an ɗura ba, yis ɗinta na nan da rai. Duk wanda ya taɓa barin burkutu ya kwana biyu ya san sauran labarin. Wannan ta fi haƙuri, amma halinsu ɗaya. Bara wani ya jera kwalayensa a ƙarƙashin kwano, rana ta dake su mako guda, ya dawo yana cewa mun sayar masa da tsami. Sanyin Jos da dare yake, da rana kwano ba ya sanin hunturu. Daga mota sai firji, a tsaye, nesa da haske. In wutarku ba ta tsayawa, ku karɓi kwali ɗaya, mu riƙe muku ɗayan a ɗakin sanyinmu.

Tana da ƙarfi, don haka ku lura da masu tuƙi, kuma kada a miƙa wa yaron da bai kai 18 ba ko da aiko shi aka yi. Masu kira daga Kano da Bauchi ku yi haƙuri, ba ma kai kaya inda doka ta hana.

Mai so ya rubuta sunan shagonsa a ofis kafin Juma'a da yamma. Ranar sauke kaya a turo yaro da kula da ƙanƙara.

Mu ne naku,
Masu rarraba kaya, Jos