Godiya ga masu shagon kayan lantarki na kusa da Ƙofar Ƙaura

Assalamu alaikum.

Na ga ya dace in yi wannan godiya a bainar jama'a, ga Alhaji mai shagon da yaransa, saboda aikin da suka yi a gidan mahaifiyarmu da ke nan cikin birnin Katsina.

Dikoda na je saya wa Hajiya, har da niyyar haɗo mata sabuwar talabijin, don an ce mini tata ta tsufa, ba za ta ɗauka ba. Alhaji ya tambaye ni ko akwai ramuka uku masu launi a bayanta. Na ce akwai. Ya ce, "To ajiye kuɗinka, wannan ta isa." Ga sababbi jere a shagonsa, da ya yi shiru da na saya.

Yaron da ya turo bai yi aikin a ɓoye ba, yana yi yana nuna mana. Wayar da ta sauko daga dish ita ake murzawa a bayan dikoda. Daga dikoda zuwa talabijin kuma sai waya mai kai uku: mai ruwan ɗorawa ita ke ɗauke da hoto, fara da ja su ke ɗauke da murya, kowace a ramin da ya yi launinta. Ya ce a sababbin talabijin waya ɗaya ce, HDMI, ke yin aikin ukun nan, hotonta kuma ya fi fita. Da ya gama sai allo ya tsaya shuɗi, Hajiya har ta fara salati. Ashe sai an danna maɓallin AV a rimot ɗin talabijin, ba na dikoda ba. A nan mutane da yawa ke cewa an sayar musu da jabu, alhali kaya lafiya lau.

Abin da ya fi burge ni shi ne haƙurinsa. Ya zauna a ƙasa yana cewa, "Mama, ki danna da kanki," har ta iya nemo Arewa24 da tashar da ke nuna Harami ba tare da ta kira jikoki ba. Ya liƙa alama a kan rimot ɗin biyu don kar su rikice mata. Ya kuma gargaɗe mu cewa hadari mai ƙarfi kan ɗauke sigina, a jira ya wuce, kada wani ya hau ya taɓa dish, kuma a riƙa zare waya daga soket idan ana tsawa.

Kuɗin aiki kuwa, abin da aka faɗa a shago shi aka karɓa. Na ƙara masa na mai, ya ce sai dai in Alhaji ya sani.

Alhaji, Allah ya saka da alheri, ya sa albarka a kasuwa. Hajiya ta ce a gaishe ka, kuma ƙanwarta da ke Daura na son a haɗa mata irin wannan, in yaranka na zuwa can.

Naku,
Wani mazaunin Ƙofar Sauri, Katsina